Lissafin Jinin Barira

A shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai aka kawo madubin likita ɗakin shan magani na Rano, aka kuma turo wanda zai riƙa duba shi. Sunansa Ramalan, mutumin Rurum, siririn matashi mai yawan wanke hannu. Ya gama midil, aka ɗauke shi aka kai birni, ya yi watanni yana koyon gwajin jini da fitsari da kaki. Kafin zuwansa, duk wanda ake son a san abin da ke cikin jininsa sai an kai shi Kano.

Madubin baƙin ƙarfe ne da ado na tagulla, yana kwana cikin akwatin katako. Ba ya aiki da lantarki. Wani ɗan madubi ne a gindinsa ake juyawa ya ɗebo hasken rana daga taga, don haka aikin Ramalan duk na rana ne. Babban malamin ɗakin, Malam Alu, dattijo ne mai jiki, ya daɗe yana ba da kwinin da wanke gyambo, kuma kowa ya san shi da taushin zuciya, abu kaɗan ke sa shi hawaye. Ya ɗauki madubin nan kamar sabon jika, kullum yana tambaya ko an goge shi. Sai dai bai taɓa ganin komai a cikinsa ba, don in aka ce ya rufe ido ɗaya, duka biyun yake rufewa.

Cikin ayyukan da Ramalan ya koya, wanda ya fi so shi ne ƙirga jajayen ƙwayoyin jini. Ana yi ne da wani gilashi mai kauri, tsawonsa kamar ɗan yatsa. A tsakiyarsa an ja waɗansu layuka da ido ba ya gani, sun gitta juna sun fitar da ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu kamar gidajen dara. Sai a surka ɗigon jini da ruwan magani, a zuba a kai, a leƙa ta madubi a ƙirga ƙwayoyin da suka kwanta cikin gida tamanin. A makaranta an gaya musu in sun gama su ƙara sifiri huɗu a gaban abin da suka samu, shi ke nan. Mai lafiya yakan ba da miliyan huɗu zuwa biyar. Malamin da ya koyar da su kuma ya sha nanata musu cewa kada wanda ya yanke hukunci da ganin ido, sai ya ji abin da alƙalami ya ce.

Gilashin Ramalan bai zo tare da madubin ba, sai daga baya aka aiko shi cikin ƙaramin kwali. Takardar da ke ciki da Jamusanci aka rubuta ta. Abu ɗaya ya iya ganewa, an zana gida guda an rubuta a gefensa cewa maikiron hamsin ne. Maikiron kuwa shi ne in an raba milimita gida dubu an ɗauki ɗaya, ita kanta milimitar ƙwayar gero ta fi ta. Ramalan ya ce a ransa ba zai ɗora ƙa'idar gilashin makaranta a kan baƙon gilashi ido rufe ba. Ranar da zai yi aiki da shi, zai yi lissafin da kansa tun daga tushe.

Matarsa Barira 'yar Kibiya ce, autar gidansu, yarinya mai faram-faram da ba ta iya riƙe dariya. Cikinta na fari ya shiga wata na bakwai, sai gwaggonta ta zo da jaki don ta tafi da ita goyon ciki gidan iyayenta. Da safen tafiyar, suna ɗaure kaya, Ramalan ya lura tafin hannunta ya ɗan yi fari. Ya ja fatar idonta ya duba, nan ma jan bai gamshe shi ba. Mahaifiyarsa wajen haihuwar ƙaninsa ta rasu, jini ne ya ƙare mata, kuma tun da Barira ta sami ciki abin yake faɗo masa a rai, bai gaya wa kowa ba. Ya ɗauko allura, ya ce ta miƙo yatsa.

Ta miƙa tana kawar da kai. "Malam, mazan mutane guzuri suke ba matansu in za su tafi. Kai kuma ɗan abin da nake da shi kake ɗiba."

Ya yi murmushi, ya tsotse ɗigon cikin siririn bututun gilashi, ya surka shi. Ya raka su har bakin gari, ya ga Barira ta hau jakin da kanta, sannan ya wuce wurin aiki.

Ranar ta yi jama'a. Bai sami kansa ba sai bayan azahar. Ya jawo tebur kusa da taga, ya goge sabon gilashin, ya zuba jinin, ya juya ɗan madubin har haske ya cika. Ƙwayoyin suka bayyana, kowace da ɗan lotsawa a tsakiya, sun baje kamar an shanya wake. Ganinsu ya kwantar masa da hankali, don ba su yi masa kama da na mai ƙarancin jini sosai ba. Ya bi gidajen a natse yana ƙirgawa, ya sami ɗari huɗu da 'yan kai. Sai ya ɗauki fensir.

Gefen gida hamsin ne, hamsin sau hamsin dubu biyu da ɗari biyar, wannan shi ne filin gida ɗaya a murabba'in maikiron. Gida tamanin ya ƙirga, filinsu duka ya zama dubu ɗari biyu. Yanzu sai ya mai da shi murabba'in milimita, don da ita ake faɗin sakamako. Ya tuna maikiron dubu ne a milimita, ya raba da dubu, ya sami ɗari biyu. Ƙwayoyi ɗari huɗu a fili ɗari biyu, kowane ya tashi da biyu. Ya ninka da dubu biyu saboda zurfin gilashin da yawan surkin, kamar yadda aka koya musu. Alƙalami ya ce dubu huɗu.

Ya zura wa takardar ido. Ya sake lissafin, ya kuma sakewa, kullum ta hanya ɗaya yake bi, kullum wuri ɗaya yake ɓullowa. Ya ga cewa da ya bi ƙa'idar makaranta da miliyan huɗu zai rubuta, amma wannan bai sanyaya masa rai ba. Sai ma ya ɗauka gidajen gilashin Jamus sun fi na makaranta girma nesa ba kusa ba, shi ya sa suka yi kamar sun cika, kuma Allah ne ya tsare shi da bai rubuta ƙarya ba. Dubu huɗu a inda ake neman miliyan huɗu. Bai taɓa jin mai rai da irin wannan adadi ba. Ya tuna yadda ta hau jaki cikin rana, ya miƙe zumbur.

Malam Alu ya shigo ya same shi a tsaye, takarda a hannunsa. Da ya ji bayani bai yi gardama ba, shi ma mutum ne mai girmama takarda. Idanunsa suka kawo ruwa nan take. Ya ba Ramalan aron sabon kekensa, ya ce ya riga shi zuwa Kibiya, ya sa a kwantar da yarinyar kada ta ɗaga ko tsinke. Shi kuma zai nemo Mato, direban motar da ke jigilar gyaɗa, su biyo baya su wuce da ita babban asibiti a Kano a ƙara mata jini.

Ramalan bai san yadda ya bar duwatsun Rano a bayansa ba. An gama girbi, gonaki sun zama fili, sai karan dawa da aka jingine tsibi-tsibi. A wani kwari garken shanu ya tare hanya, ya sauka ya kutsa ta tsakaninsu yana tura keken, makiyayin yana yi masa sannu bai ko ji ba. Duk addu'ar da ya sani ya karanta ta, da ta ƙare ya koma farko.

La'asar ta kusa sa'ad da ya iso ƙofar gidan surukansa. Tun da aka yi auren bai taɓa wuce zauren gidan nan ba, kuma ko a hanya ya hango mahaifin Barira, yakan rage tafiya ya sunkuyar da kai. Ga shi yau ya zo afujajan, ranar da aka kawo ta, abin da ko ango marar kunya ba zai yi ba.

Malam Ishiyaku, mahaifin nata, yana gefen gida tsaye cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa har ƙwauri. Tubali yake yi, zai tayar wa 'yarsa ɗakin da za ta yi jego a ciki. Dogon dattijo ne marar gaggawa, manomi, magini in rani ya yi. Ramalan ya jingine keke, ya tuɓe takalma, ya durƙusa. Dattijon ya amsa gaisuwa a tsanake, ya tambayi mutanen Rano, ya tambayi na Rurum, ya tambayi aiki, ya tambayi Malam Alu da ciwon gwiwarsa. Ramalan yana amsawa da lafiya lau, hankalinsa kuwa yana cikin gidan. Ta bayan katanga yana jin ana daka, taɓare biyu suna lugude, sai kuma wata dariya ta tashi wadda ko cikin kasuwa zai gane ta.

Da ƙyar ya tambaya ko baƙi sun iso lafiya. Malam Ishiyaku ya ce sun iso tun hantsi, sun ci sun sha, ga ta can ta karɓe taɓarya, uwarta ta yi ta yi ta ƙi bayarwa.

"Baba, a taimaka a ce ta ajiye. A ce ta kwanta."

Dattijon ya tsaya da curin ƙasa a hannu, ya dube shi sosai. Ramalan ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya kawo shi, yana kewaye kalmomin da ba a faɗa gaban suruki. Ya ce ya gwada jininta, abin da ya samu ko kashi ɗaya cikin dubu na mai lafiya ne da ƙyar, kuma mota na tafe.

Malam Ishiyaku ya ajiye ƙasar, ya ɗauraye hannu, ya shiga gida. Jim kaɗan dakan ya tsaya. Ramalan yana jin muryar Barira tana cewa ita fa lafiyarta ƙalau, muryar Iya, mahaifiyarta, tana lallashi. Can Iya ta zo bayan asabarin zaure, suka gaisa ba su ga juna ba. Ta ce yarinyar nan da isowarta ta shanye ƙwaryar fura, ta nemi ƙari, ita ba ta ga alamar ciwo ba. Amma tun da shi ya gani a madubi, an kwantar da ita, Allah ya sawwaƙe. Muryarta ta karye a ƙarshen maganar.

Ba abin da ya rage sai jiran mota. Malam Ishiyaku ya fito ya koma cikin ƙasarsa, ya ce an riga an kwaɓa, in aka bar ta za ta bushe, kuma zaman shiru ba zai matso da motar ba. Ramalan ya ga ba zai iya zama dattijo na aiki ba. Ya naɗe ƙafar wando, ya cire farar rigarsa ta aiki ya rataye a keke, ya shiga kwasar tubalin yana kaiwa fili inda rana za ta same su. Surukin ya ce ya jera goma-goma, ya bar 'yar tazara don iska, in layi ya kai goma sai ya soma sabon fage.

Ya jera layin farko. Ya dawo ya jera na biyu a bayansa. Hannunsa na aiki, kunnensa na kan hanya, bakinsa kuma yana ƙirga a hankali saboda sabo. Tubalan masu ƙaton gindi da tsinin kai suka yi ta ƙaruwa, har fagen ya cika ya zama kusurwa huɗu daidai. Ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya dube shi. Ta gabas goma. Ta kudu ma goma. A ciki kuwa ɗari ne, shi ya ɗauko su da hannunsa, bayansa ma ya shaida.

Ya tsaya cak. Gefe goma, ciki ɗari. To in gefen dubu ne fa? Layi ɗaya kawai shi ne dubu. Kafin fagen ya cika sai an jera irin wannan layi har dubu.

Ya tsuguna inda yake, ya karyi kara, ya share ƙasa da tafin hannu. Murabba'in milimita fage ne, maikiron dubu ta nan, dubu ta can, cikinsa miliyan guda. Shi kuwa ɗazu da dubu ya raba, ya auna fili da ma'aunin igiya. Ya rubuta dubu ɗari biyu, ya raba da miliyan, ya sami kashi ɗaya cikin biyar. Ashe duk gidajen da ya ƙirga ko milimita guda ba su cika ba. Ya dubi farcen babban yatsansa, ya ga ai murabba'in milimita ɗari biyun da ya rubuta ɗazu kusan faɗin farcen nan ne, alhali abin da ya leƙa bai fi ƙwayar yashi ba. Ƙwayoyi ɗari huɗu a kashi ɗaya cikin biyar, cikakkiyar milimita ta tashi da dubu biyu. Sau dubu biyu. Ya rubuta huɗu, ya shiga jera mata sifiri, har guda shida.

Ya zauna daɓas a kan ɗanyen tubali biyu. Dariya ta taso masa tun daga ciki, ya toshe baki da hannu mai laka, ta ƙi tsayawa, ga hawaye na bin kumatunsa. Malam Ishiyaku ya fito daga ramin ƙasa ya tsaya a kansa, yana tsammani ko firgici ne ya taɓa yaron.

"Baba, lafiyarta ƙalau. Ni ne na ɓata lissafi. Miliyan huɗu ne."

Dattijon ya ce ya nutsu ya yi masa bayani yadda zai gane. Ramalan ya tashi ya nuna masa layi ɗaya na tubali, ya nuna masa fagen duka, ya ce ya ɗauki layi a matsayin fage, shi ya sa jinin ya ragu masa sau dubu a takarda. Ya ce gaskiya jinin yana daga ƙasa-ƙasan na masu lafiya, yadda yakan yi wa mata a irin wannan hali, zogale da hanta da ƙwayar ƙarin jini sun isa. Ya ƙara da ba da haƙuri, ya ce ya tayar da hankalin gida a banza.

Malam Ishiyaku ya ɗaga hannu sama ya yi hamdala, ya shafa. Sa'an nan ya ce, "Malam, da ka ga wannan a takarda ka zauna kana jin kunyata, shi ne da ban yafe ba. Ka zo, ka kyauta." Ya juya ya nufi gida, tafiyarsa ta fi ta ɗazu sauri. Kafin ya ɓace cikin zaure ya waiwayo ya ce tubali biyun da aka zauna a kai dai sai an sake su.

Guɗar Iya ce ta fara tashi daga cikin gida. Ba ta sauka ba aka ji ƙahon mota daga bakin gari.

Ramalan ya manta da motar sam. Ta shigo unguwar tana tangaɗi, yara na bin ta da gudu. Mato na tuƙi, Malam Alu na gefensa rungume da akwatin magani. A baya an shimfiɗa katifa, maƙwabtansu mata uku sun zauna a gefenta da lulluɓi, ɗaya riƙe da buta, ɗaya da ƙullin kaya. Bayansu kuma maza ne tsaitsaye sun kama ƙarfen motar. Malam Alu ya bi kasuwa yana faɗa cewa matar mai madubi na bukatar jini, kuma a lokacin mutane na tsoron ba da jini ƙwarai, wasu na ganin wanda aka ɗebi nasa ba ya ƙara yin ƙarfi. Duk da haka ga mahauci ya bar teburinsa, ga tela, ga masinjan ɗakin magani, ga wani Bafulatani mai suna Manu wanda Ramalan ya taɓa gano abin da ke damun ɗansa bayan an gaji da magani. Fuskokinsu a ɗaure kamar masu tafiya yaƙi.

Ramalan ya tsaya gabansu da singileti, laka har gwiwa, wani ɓangaren fuskarsa ma laka. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan ya ce musu Barira lafiya lau take, kuskure ne na alƙalaminsa, ya kai su gaban tubalin ya sake bayanin layi da fage. Mahaucin ya tambaya, wato yanzu ba za a soke kowa da allura ba? Da aka ce masa a'a, ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, ya ce tun daga Rano yake karanta abin da ya sawwaƙa, shi da yake yanka sa bai taɓa sanin yana tsoron jini ba sai yau. Nan dariya ta ɓarke. Matan suka diro suka shige gida suna tafa hannu. Malam Alu ya zauna a kan matakalar mota ya yi kukansa sosai, ya ce ai ya riga ya tanade shi tun a hanya, ba zai koma da shi gida ba.

Mato ne kaɗai ya ɓata fuska, ko da yake bakinsa na motsi. Ya ce shi motarsa ba ta taɓa fita ta koma ba ta yi aikin komai ba, abin kunya ne a wurin direba. Malam Ishiyaku ya yi gyaran murya, ya ce in haka ne akwai azarar rufin ɗakin nan tana jibge a ƙauyen Durba, ya daɗe yana tunanin yadda jakuna za su kawo ta. Kafin ya rufe baki mazan sun koma cikin mota. Aka sauke katifa, aka yi sallar la'asar a gurguje, suka tafi suna waƙa. Rana ba ta faɗi ba suka dawo da azara, suka sauke suka jera ta a gindin katanga, Manu yana cewa wannan gumin ya fi masa sauƙin bayarwa.

Iya da matan Rano sun riga sun ɗora tukunya. Aka yanka kaji, aka fito da tuwon dawa da miyar kuka, aka baje tabarmi a ƙofar gida. Maƙwabta suka fito, kowa na tambaya me ya faru, kowa kuma aka ba shi labari sai ya je ya leƙa tubalin. Ramalan bai iya cin abinci a ƙofar surukai ba, ya ce ya ƙoshi, ya koma gefe yana kankare laka daga ƙafarsa. Can gwaggo ta leƙo ta yafuto shi, ta ce ya shiga zaure ana son ganinsa, ita kuma ta tsaya daga waje ta juya baya.

Barira na tsaye jikin bango, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kafaɗunta na girgiza.

"Malam, da safe ɗigo ɗaya ka ɗiba. Da yamma ka zo ka ce babu saura. Na ce wa Iya to a bincike ka, kai ka san inda ka kai shi."

Ya ce ta yi masa duk tsiyar da take so, yau ba shi da bakin ramawa. Ta tambaye shi nawa ne ma aka ce an samu daga ƙarshe. Ya ce miliyan huɗu. Ta ce duk a jikinta? Ya ce a'a, a cikin ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba, sauran jikin kuwa ba mai iya ƙirgawa sai wanda ya halitta. Dariyar ta tsaya. Ta buɗe tafin hannunta ta daɗe tana kallo, ta ce Allah mai iko. Sa'an nan ta turo masa ƙaramin akushi da ƙafa, ta ce ya ci a nan ba mai ganinsa, ta san tun karin safe bai sa komai a cikinsa ba. Ya tsuguna ya cinye tas, tana tsaye tana gaya masa yadda Iya ta lulluɓe ta da bargo biyu cikin zafin nan ta hana ta ko tari.

Bayan magariba shi da mutanen Rano suka ɗora keken Malam Alu a mota suka kama hanyar Rano. Washegari da ya zo aiki ya tarar da mahauci da tela da Manu zaune a kan benci, kowa ya ce tun da an kai shi har bakin allura an fasa, yana so a ƙirga masa nasa ya ji ko miliyan nawa gare shi. Na mahaucin ya fi na kowa, ya kuwa yi mako yana faɗa wa masu sayen nama.

Da likita ya zo rangadi, Ramalan ya ba shi labarin duka bai rage komai ba. Likitan ya yi dariya har ya cire tabarau, ya duba gilashin ya ce irin na makaranta ne sak. Ya ce lissafin tushe da ya yi abu ne mai kyau, ya ci gaba da yi, sai dai duk sabon kayan aiki ya fara gwada shi da jinin kansa. Ya kuma ce zai ari tubalin nan in ya je koyar da sababbin ɗalibai, don ba Ramalan ne na farko da murabba'i ya kayar ba.

Ɗakin ya tashi, aka rufe shi, aka yi masa daɓe, ya bushe kafin lokaci. A cikinsa Barira ta sauka lafiya wata safiyar Alhamis, ta sami 'ya mace. Ranar suna aka raɗa mata Maimuna. Ramalan, da yake 'yar fari ce, kunya ta hana shi zama cikin taro, ya ɓuya a shagon tela a Rano har yamma. Nan Malam Alu ya same shi, ya dawo daga Kibiya da goro cike da aljihu. Ya zauna yana haki, ya ce uwa lafiya, ta ci ta ƙoshi, jaririyar kuwa da wanzami ya taɓa kanta ta tsala ihun da sai da liman ya dakata da addu'a ya jira ta gama.